Mun Iya Rawa, Ba Mu Iya Biya Ba

Duk wanda ya sake ce mini waƙa ta mutu a Zamfara, tambaya ɗaya zan yi masa: nawa ka taɓa ciro wa daga aljihunka ka biya mawaƙi haƙƙinsa? Na gaji da wannan kuka. A majalisa, a rediyo, a wurin ɗaurin aure, sai ka ji mutum ya ja dogon numfashi yana cewa maza sun wuce, babu kamar Ɗanƙwairo, babu kamar Jankiɗi, yaran yanzu ba su iya komai ba sai hayaniya. Shi kuwa mai wannan magana, in ka bincika, kwanan nan ya aurar da 'yarsa, ya sa aka kira masa samarin unguwa suka wuni suna waƙa har muryarsu ta dushe, da aka tashi ya sallame su da shinkafa a leda da "Allah ya yi albarka". To da me za su zama Ɗanƙwairon? Da albarkar bakinka za su sayi man janareta?

Mu daina yi wa kanmu ƙarya game da mutanen da. Ba daga sama suka faɗo ba. Salihu Jankiɗi ɗan Rawayya ne, nan ƙasar Bunguɗu, ya yi kiɗan taushi har ya zama Sarkin Taushin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, ya rasu a 1973. Musa Ɗanƙwairo daga ƙasar Bakura ya fito, ya yi suna a Maradun, kuma waƙar da ya yi wa 'Yandoton Tsafe Aliyu har gobe in aka saka ta sai ka ga dattawan Tsafe sun gyara zama. Ya rasu a 1991. Ga Sa'idu Faru da ya bar duniya a 1987, ga Kassu Zurmi, ga Sani Sabulu na Kanoma. Ƙasa ɗaya ta fitar da waɗannan duka. Amma makaɗin fada yana da ubangida da ya ɗauke masa ci da sha da sutura, ya ba shi gona, ya ba shi doki, wani har kujerar Makka, shi kuma ya riƙe 'yan amshinsa da iyalansu. Wanda ba na fada ba yana da fili: gayyar noma, dambe, kokawa, ranar kasuwa, bukukuwan kaka. Da an gama girbi sai makaɗi ya rataya kalangunsa ya bi ƙauyuka, ya dawo da dammunan gero da akuya da kuɗi. Tsarin yana da nasa aibin, don wanda ya ciyar da kai ya riƙe maka harshe. Duk da haka mutum yana iya shekara arba'in yana sassaƙa waƙa ba tare da tunanin abin da za a ɗora a murhu ba. Daga nan gwaninta ta fito.

Yau ina filin? 'Yan bindiga sun cinye shi. Wa zai buga kalangu da daddare a ƙauyen Tsafe ya kira wa mutanensa bala'i? Wa zai loda 'yan amshi a mota ya hau hanyar Gusau zuwa Funtua bayan la'asar don bikin da bai san ko za a biya shi ba? Mutanen da ke ba makaɗi dami su ne yanzu ke biyan haraji kafin su shiga gonarsu, wasu ma suna zaman gudun hijira a Gusau. A 2021 gwamnati ta rufe kasuwannin mako-mako, a watan Satumba aka katse layukan waya a jihar. Ba ina haɗa asarar kiɗa da asarar rai ba ne, Allah ya kiyaye. Amma duk lokacin da ake lissafin sana'o'in da wannan masifa ta karya, sai a ce noma, a ce kiwo, a ce fatauci, a yi shiru. Makaɗi ba mutum ba ne? Ba shi da 'ya'ya?

Saura yaron birni, wanda ba shi da ubangida, ba shi da kamfani, ba shi da kowa a Kano. Ka taɓa shiga situdiyon da yake zuwa? Shiga ka gani, ɗan'uwa. Shago ne ɗaya aka raba biyu da falanki, an manna kwalin ƙwai a bango don ya tare amo, ga tsohuwar kwamfuta, ga fiyano da wasu maɓallansa sun daina tashi. Dole a kashe fanka idan za a ɗauki murya, don haka yaro na rera baiti gumi na zuba masa a ido. Ana tsakiyar amshi janareta ta yi tari ta mutu. Mai situdiyo ya juyo ya ce, "Oga, sai ka ƙaro na mai." Kuma ba zaluncinsa ba ne, tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 shi ma da ƙyar yake buɗe shagon. Yaron nan ɗinki yake yi, ko gyaran waya, ko haya da babur, ya tara na wata guda ya zo ya zube a kan waƙa ɗaya.

Waƙa ta fito. Sai me? Kafin magariba tana hannun masu tura waƙa a kasuwar Tudun Wada, suna loda wa mutane a waya da mimori suna karɓar kuɗi. Mai turawa ya samu, mai sayar da mimori ya samu, mai gidan kallo ya samu, DJ ya samu. Mai waƙar ko sisi. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi. Ƙasar nan tana da dokar haƙƙin mallaka sabuwa fil, an sa mata hannu a 2023, akwai hukuma sukutum ta tarayya da aka kafa don wannan aiki, amma je ka tsayar da mai tura waƙa ka ce masa wannan dukiyar wani ce. Zai dube ka ya ce ai taimakon yaron yake yi, yana tallata shi. Abin da ya fi ci mini rai, yaron ma ya yarda da haka. Shi da ƙafarsa yake kai waƙar, yana roƙo a saka ta cikin jerin sababbi.

Sai masu wayo su ce ya koma intanet mana, ai can kuɗin yake. To bismilla. YouTube ba ta fara raba wa mutum kuɗin talla a kan dogon bidiyo sai ya tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara. Masu sauraren yaron nan su wa ne? 'Yan'uwansa ne masu sayen data ta kwana ɗaya, waɗanda mutum ɗaya zai sauke waƙa ya tura wa unguwa guda. In kuma waƙar ta yi farin jini a TikTok, 'yan mata da samari na rawa da ita daga Gusau har Maraɗi, sai wani mai shafi a wani gari ya ɗora ta a nasa, ya goge sunan mai ita, ya ci kuɗin. Yaro na kallon muryarsa tana yawo a duniya, shi ko kuɗin keke-napep zuwa Samaru ba shi da shi.

Wurin biki nan ne abin ya fi zafi, don nan ake yi masa ido da ido. Na sha tsayawa a irin wannan taro ina kallo raina na ɓaci. An kafa rumfa, an jera kujerun roba, an kira yaro tun azahar. Ba a yi ciniki da shi ba, don a wurinmu mawaƙi ya faɗi farashinsa rashin kunya ne. "Ka zo kawai, za a gani" aka ce masa. Ya zauna a bayan sifika yana jira har rana ta yi sanyi. Da aka ba shi makirfo, bai gama baiti na biyu ba mai gabatarwa ya katse shi, wai ƙawayen amarya na son waƙar wane ta Kano. Ɗan liƙin da ya zubo a ƙasa yaran DJ suka tattara a kwali, aka ce a jira a gama sai a raba. Aka gama. Uwar biki ta shige cikin gida, wayar ango a kashe. Mai ɗinkin anko an biya shi tun wata guda, mai abinci an biya ta, mai rumfa ya karɓi nasa kafin ya kafa ƙarfe ɗaya. Wanda ya sa taron ya yi armashi shi kaɗai ne ake jin nauyin biya.

Liƙin ma da ya rage wa mawaƙa, ga shi doka ta hau kansa. Dokar Babban Bankin Nijeriya ta 2007 ta haramta watsa naira a wurin biki, kuma hukumar EFCC tana gurfanar da mutane a kotu a kan haka. Na yarda kada a tattaka kuɗin ƙasa. Amma in an hana liƙi, kuma ba mu koyi biyan lada ba, me muka bar wa mai waƙa?

Idan kuwa babban mutum ne ke aurar da ɗa, ba a ma tuna akwai mawaƙi a Zamfara. Daga Kano za a ɗauko, a biya kafin ya taso, a kama masa masauki, a haɗa shi da rakiyar jami'an tsaro. Ba na ƙyashin kowa, mawaƙan Kano sun yi aiki sun ci guminsu, kuma sun samu garin da ya tara situdiyo da masu shirya fim da 'yan kasuwa wuri ɗaya. Takaicina shi ne yaron Bunguɗu sai ya gudu can, ya kwana a barandar situdiyo a titin Zoo Road, ya sauya harshensa ya daina Zamfarci don kada a yi masa dariya, sannan in Allah ya ɗaga shi mu fara bugun ƙirji muna cewa ai namu ne.

'Yan siyasa fa? Kada ma ka tayar mini da wannan. Da kakar zaɓe ta kama, yaron da jiya ake kira ɗan iska ya zama "mawaƙinmu". A aika masa mota, a ce ya yi wa mai gida waƙa, ya haɗa da habaici ga abokin hamayya, ya zagi wanda ya girmi ubansa. Yaro ya saki baki don an yi masa alkawarin babur da kujerar Hajji. A ci zaɓe, a canza lambar waya. A faɗi zaɓe, a koma Abuja a bar shi da abokan gaba a unguwarsu. An ci moriyar ganga an yar da kwaurenta. Kuma su waɗannan da ke biyan kuɗin zambo, ka sa yaro ya yi waƙa a kan garin da aka ƙone ko kuɗin fansar da aka sayar da gona aka biya, ka ga yadda za a fara aika masa saƙo ya yi hankali.

Na san abin da wani ke shirin faɗa: ai jihar shari'a ce. Haka ne, a Gusau aka ƙaddamar da ita a watan Oktoban 1999, kuma mutumin da ya bar sauraren kiɗa saboda Allah, bai sa a wayarsa ba, bai kira a bikin gidansa ba, ina girmama shi ƙwarai. Ba da shi nake ba. Da wanda ke la'antar mawaƙi da rana, da dare ya rufe gilashin mota ya saki waƙa nake. Da wanda zai ce ba zai ba maroƙi 'yarsa ba, amma ranar naɗinsa shi ne kan gaba wajen neman a wasa shi. Kuma wace shari'a ce ta ce ka sa mutum aiki ka hana shi ladansa? In aikin haram ne, kada ka sa shi. In ka sa shi, biya shi.

Su ma samarin ba zan shafa musu mai ba. Da yawa sun ɗauka na'ura ce ke waƙa. Kiɗa ɗaya, karin murya ɗaya, soyayya ɗaya da aka kwafo daga Kano, ita ma Kanon ta kwafo daga Indiya. Wani bai taɓa tsayawa gaban mutum ashirin ya rera da bakinsa ba, sai dai a saka waƙar yana motsa leɓe. Wani ya ga batsa ce ke saurin yaɗuwa, ya tsunduma, ya ja wa sauran zagi. Ga tsofaffin makaɗan kotso da kalangu da duma suna nan da rai a garuruwanmu, sun san yadda ake ɗaure tantani, sun san yadda jagora ke miƙa wa 'yan amshi su karɓe ba tare da an ji gaɓa ba, babu mai zuwa ya durƙusa ya koya. Wannan laifinsu ne. Amma a ina za su goge? Mawaƙi a gaban jama'a yake nuna, inda in ya yi kuskure za a yi masa ihu ya gyara. Faɗa mini dandali nawa ka sani a Gusau inda ƙaramin mawaƙi zai yi wasa da rana tsaka, cikin mutunci, a sayi tikiti a ƙofa, a tashi kafin magariba, ya tafi gida da rabonsa.

Abin nan ba gagara ya yi ba. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya ƙarar da shekaru yana tattara tarihin makaɗa da mawaƙan Hausa, ɗalibai na samun digiri a kan waƙoƙin mutanen Maradun da Faru, ga Jami'ar Tarayya a Gusau tun 2013. Ilimin yana nan, masu fasahar suna nan. Zaure ɗaya ake nema mai wuta da tsaro, da rana ɗaya a wata, da ka'ida a rubuce wadda hukumar Hisba da mawaƙan suka zauna suka amince da ita, don kowa ya san iyakarsa tun kafin a kunna sifika. Gidajen rediyon jihar su ware wa 'yan gida lokaci ba tare da an ce su kawo na goro ba. Masu tura waƙa suna da ƙungiya, mawaƙa ma su yi tasu, a zauna a yanka abin da za a riƙa ba mai waƙa. Kullum ana taron raya al'adu, ana ɗinka manyan riguna, ana jawabi a watse. An daɗe ana gafara sa, ba mu ga ƙaho ba.

Kafin hukuma ta farka, ku samari ku daina jin kunyar ciniki. Wanda ya kira ku biki, ku faɗi kuɗinku a gaban shaida, ku karɓi rabi kafin ku ɗauko makirfo. Ɗan siyasar da ya aiko a yi masa waƙa, ya biya duka kafin a shiga situdiyo, kuma zagin uban wani ba ya cikin cinikin. In ya ce kun cika son kuɗi, ku tambaye shi ko mai buga masa fosta bashi yake ba shi.