ZATO BA JAJE BA NE

'Yan'uwana ɗalibai da malamanmu, akwai wata ɗabi'a da ta zama mana jiki, muna kiranta jaje, alhali kuwa in an duba da kyau zato ne muka naɗa wa rawani. Da zarar mutum ya kuɓuta daga wani bala'i, kafin ya buɗe baki mun riga mun gama sanin abin da aka yi masa, da abin da yake ji, har da maganin da ya dace da shi. Ni dai na ce wannan cuta ce, kuma mu da muke taƙama da boko mun fi kowa yinta.

Maganar ba ta nesa ba ce. A 2014 aka kwashe 'yan mata 276 daga makarantar Chibok. Dapchi ta biyo baya a 2018, Ƙanƙara a 2020, Jangebe da Afaka a 2021, sannan a 2023 aka ɗauki ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau daga gidajen da suke haya. Da yawansu sun dawo, wasu sun koma aji. To, da me muka tarye su? Wani rahoto da UNICEF da International Alert suka fitar a 2016 ya nuna cewa matan da suka kuɓuto daga hannun Boko Haram a Borno har "annoba" ake kiransu. Ba wanda ya tambaye su komai. An dai yanke cewa an juya musu tunani, 'ya'yan da suka haifo kuma jinin uba zai bi su. Haba jama'a! Mutum ya tsira daga daji, ya zo gida ya tarar an gama yi masa shari'a?

Kada wani ya ce ai shi bai taɓa zagin kowa ba. Zaton mai tausayi ma yana ciwo. Wannan ya zo ya ce, "Na san yadda kake ji." Ina ka sani? Wancan ya ce, "Yi haƙuri, ya wuce," wato ka rufe mana baki haka nan. Wata kuma ta matso da tabarma tana neman labari dalla-dalla, wai don a sauke nauyin zuci, alhali kunnenta ne ke ƙaiƙayi. Littafin agajin gaggawa na zuci da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar tare da abokan aikinta a 2011 ya hana matsa wa mutum ya ba da labarin abin da ya same shi. Ba kuma duk wanda ya ga tashin hankali ne yake kamuwa da ciwon firgita ba, wanda likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka shigar a kundinsu a 1980. Mafi yawa suna farfaɗowa in sun sami mutane a kusa da su. Saboda haka mai kallon kowane kuɓutacce kamar fasasshen tulu shi ma zato yake yi.

Wani abin da ba mu cika lura da shi ba shi ne, shi kansa wanda abin ya shafa zato na cinsa. Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Jikinsa ya koyi tsammanin sharri domin ya tsira, bai kuwa daina ba don an buɗe masa ƙofa. In aka yi dariya a bayansa, da shi ake. In aboki bai gaishe shi ba, gudunsa yake. Ga shi yana zato, ga mu muna zato, kowa ya yi shiru, sai zumunci ya mutu ba wanda ya kashe shi da hannu.

Wani masanin halayyar ɗan Adam Ba'amurke, Marshall Rosenberg, wanda ya rasu a 2015, ya tsara wata hanyar magana mai matakai huɗu: ka faɗi abin da idonka ya gani ba tare da hukunci ba, ka faɗi yadda ka ji, ka faɗi abin da kake buƙata, sannan ka yi roƙon da mutum zai iya ƙi. Matakin farkon nan shi ne gagarabadau, domin mun saba cakuɗa gani da fassara. "Tunda kika dawo kin zama mai girman kai" fassara ce. "Kwana uku ban gan ki wurin cin abinci ba, na damu. In kawo miki ɗaki, ko kin fi son a ƙyale ki?" Wannan gani ne da tambaya, kuma in ta ce a ƙyale ta, sai a ƙyale ta. Ita ma hanyar a buɗe take gare ta: "Na shigo kun yi shiru, gabana ya faɗi. Maganata kuke yi?" Sau da yawa sai ta tarar zancen jarrabawa ake.

Na san masu cewa wannan sanabe ne na Turawa, mu kawaici muka gada. Ban raina kawaici ba. Amma kawaicin da zai hana ka tambayi maƙwabcinka, bai kuwa hana ka zauna a majalisa kana sassaƙa labarinsa ba, wane irin kawaici ne wannan? Kakannin da suka bar mana kawaicin ai su ne suka ce zato zunubi ko da ya zama gaskiya, su ne kuma suka ce matambayi ba ya ɓata. Bature jera matakan kawai ya yi.

Malamanmu, Allah ya gafarta muku, ku ma da ku nake. Ɗalibin da ya zabura ya fice daga aji don an buga ƙofa da ƙarfi, ko wanda yake gyangyaɗi saboda dare ba ya barci, kafin a rubuta masa rashin ladabi ko lalaci, a kira shi ofis shi kaɗai. A gaya masa abin da aka gani, a tambaye shi ko akwai abin da zai sauƙaƙa masa karatu, ko da sauya wurin zama ne zuwa kusa da ƙofa. In bai amsa ba ranar, a gaya masa ranakun da ake samun Malam a ofis.