Saƙon Na'urar Asibiti: Ina Masu Nazarin Harshe?

'Yan'uwana ɗalibai, sau nawa aka tambaye ku me za ku yi da digirin Hausa? Ni da na tashi da Yarabanci a bakina, na koyi Hausa a aji, na sha wannan tambaya har na gaji. Ga wata amsa da na samo a inda ban zata ba, wato asibiti.

Tsakanin 1985 da 1987, wata na'urar gasa ciwon daji mai suna Therac-25, ƙirar kamfanin AECL na Kanada, ta zuba wa marasa lafiya shida haske fiye da kima a Amurka da Kanada, wasunsu suka mutu. A watan Maris na 1986, a garin Tyler na jihar Texas, ma'aikaciyar da ke sarrafa na'urar ta buga harafin da ba shi ba, ta gyara cikin hanzari. Sai na'urar ta tsaya, allonta ya nuna "Malfunction 54". Shi ke nan. Bai ce mutum yana cikin haɗari ba, bai ce a kira likita ba. Hasali ma ya nuna wai hasken da ya shiga bai kai yadda ake so ba. Da yake ta saba ganin irin waɗannan lambobi kullum ba tare da wani abu ya faru ba, sai ta danna P, ma'ana a ci gaba. Bayan wata biyar mutumin ya rasu.

Gaskiya ne tushen matsalar kuskure ne a cikin manhajar, kuma gyaransa aikin injiniyoyi ne. Amma a nawa ra'ayin, wannan saƙo rubutu ne, kuma mugun rubutu. Wanda ya rubuta shi da kansa yake magana, ya manta da mai karatu: mace a bakin aiki, ga layin marasa lafiya na jiranta.

Yau asibitocinmu da dama sun koma ajiye bayanai a kwamfuta, ma'aikatan lafiya na karkara kuma suna cike bayanai a waya. In za a mayar da waɗannan saƙonni Hausa, wa zai yi? Kada a bar wa wanda ya iya kwamfuta kawai, don yana jin Hausar kasuwa.

Na gwada da kaina, na ga ashe aikin ba wasa ba ne. "Ka tsaya" zan rubuta ko "Ki tsaya", alhali na'ura ba ta san wanda ke gabanta ba? "Ku tsaya" kuwa kamar da taro ake. Na kwana biyu kafin na tsaya a kan wannan: "A dakata! Mai yiwuwa hasken ya yi yawa. Kada a ci gaba sai likita ya duba." Malaminmu na fassara ya ce "mai yiwuwa" ta yi sanyi da yawa, har yanzu muna kan muhawara.