Wa zai yi digirin digirgir a kan Illela?

Babbar hanyar Sakkwato zuwa Badagry, wadda aka ƙaddamar da aikinta a watan Oktoban 2024, tsawonta kilomita 1,068 ne, kuma daga Illela ta faro. Tun daga lokacin, in an zauna hira da 'yan boko ana zancen makomar garin, ba a daɗewa sai wani ya jefo sunan Shenzhen, birnin nan na Sin da ke bakin iyakar Hong Kong. Wai ƙauyen masunta ne jiya, yau ga shi da mutum sama da miliyan 17, saboda haka me zai hana Illela.

Labarin yana da daɗin ji, amma waɗanda suka zauna suka yi bincike a wurin ba haka suka faɗa ba. Juan Du, malamar tsara gine-gine da ta fitar da littafi a kan birnin a 2020, ta nuna cewa kafin gwamnatin Deng Xiaoping ta ware shi yankin tattalin arziki na musamman a 1980, akwai mutane wajen dubu 300 a gundumar, da gonakinsu da kasuwanninsu da tsohon tarihinsu. Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda ƙauyukan suka yi da birni ya zo ya kewaye su. An karɓe gonaki, amma filayen gidajensu sun saura a hannunsu, sai suka riƙa ɗora bene kan bene suna ba baƙi haya da araha. Miliyoyin leburorin da suka cika masana'antu a waɗannan lunguna suka sami wurin kwana, ba a gidajen da hukuma ta zana a takarda ba. Mary Ann O'Donnell, 'yar Amurka, a kan wannan birni ta yi digirinta na uku tun shekarun 1990, ta kuma zauna can tana bin unguwannin ɗaya bayan ɗaya.

Mu ma ai mun tura mutane Asiya. Shekara da shekaru asusun TETFund ya yi yana ɗaukar nauyin malaman jami'o'i da kwalejojinmu zuwa Malesiya, kuma da dama daga masu karatun tsara birane jami'ar fasaha ta Johor suka je. Johor Bahru kuwa garin iyaka ne, dubban ɗaruruwan mutane ke tsallaka gada kullum su yi aiki a Singafo su dawo gida su kwana. Mutum ya yi shekaru yana kallon wannan da idonsa, ya dawo da Dakta a gaban sunansa, amma ka tambaye shi nawa ake hayar shago a bakin kasuwar Illela, ko wa ke yanka gonaki yana sayarwa fuloti-fuloti a hanyar Sakkwato, sai ya ce ba fanninsa ba ne. Ba na raina karatun kowa. Tsarin ƙarin girma a jami'a ne ya fi darajanta takardar da ta fito a mujallar waje a kan wata shida cikin ƙurar kara.

Ga shi kuwa abin nazari a zube yake. Illela da Birnin Ƙonni na Nijar tafiyar 'yan mintuna ce a kabu-kabu. Ranar Lahadi Ƙonni ta kwararo Illela, ranar Laraba Illela ta koma Ƙonni. Ka tsaya a kara da hantsi ka ga dillali ya riƙe hannun mai saniya yana lallashi, an yi ciniki da naira, mai dabba yana lissafi da sefa a zuci, ɗan canji na gefe da dam ɗin kuɗi a aljihun gaba yana jira. Aure ɗaya, zumunci ɗaya, harshe ɗaya. A taswirar hukuma kuwa garuruwa biyu ne na ƙasashe biyu, kowanne ana tsara shi kamar ɗayan ba ya nan.

Sau biyu cikin shekara biyar aka datse wannan jijiya. Gwamnatin Buhari ta rufe iyaka a Agustan 2019, sai Disambar 2020 aka buɗe Illela tare da Seme da Maigatari da Mfum. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 aka sake rufewa, har zuwa Maris na 2024 daga ɓangaren Nijeriya. Manyan motoci suka yi layi, albasa ta ruɓe, 'yan dako da masu sayar da abinci suka zauna hannu rabbana, hanyoyin daji kuma suka yi kasuwa. Ga ɗalibin birane wannan gwaji ne da ba a saye da kuɗi: gida nawa aka fasa ginawa, magidanta nawa suka tafi cirani, wace unguwa ta faɗaɗa duk da haka. Hatta yawan jama'ar ƙaramar hukumar, adadin ƙidayar 2006 ake ta maimaitawa, kimanin dubu 150.

Abin da zai ba ka haushi, wanda ya zana yadda 'yan kasuwar Ƙonni da Illela ke ƙulla hulɗa tsakaninsu, Olivier Walther ne, Bature daga Suwizalan. Kafin shi Emmanuel Grégoire, Bafaranshe, ya rubuta littafi a kan alhazan Maraɗi a 1986. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo kuwa ba ta kai kilomita 100 daga Illela ba, tana da sashen nazarin ƙasa, ɗalibanta kuma ba sa buƙatar tafinta.

Gaggawar da nake gani ta ƙasa ce. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasa a hannun gwamna, manomin Illela kuma galibi gado ya ci, shaidarsa maƙwabta da mai unguwa. Da zarar kwalta ta miƙe, masu kuɗin Sakkwato da Abuja za su sauko da takardun mallaka, kuma ƙauyukan Illela ba su da kariyar da ta bar na Shenzhen da filayensu. Wanda zai bi gona-gona daga bakin iyaka zuwa tafkin Kalmalo ya rubuta wa ke da me, yau ya kamata ya fara, tun ba a kafa turakun siminti ba. Gwamnatin Sakkwato za ta iya ɗaukar nauyin ɗalibai biyu ko uku a kan wannan aiki, da sharaɗin su haɗa kai da takwarorinsu na jami'ar Tawa da ke Nijar, su kuma fitar da taƙaitaccen sakamakon da Hausa, yadda kansila da sarkin kasuwa za su karanta.