Makaranta Ɗaya A Suleja Ba Za Ta Ɗauke Haziƙan Ƙasa Ba

Kowace shekara Hukumar Shirya Jarrabawa ta Ƙasa, wato NECO, takan gudanar da wata jarrabawa wadda ba kowane uba ne ya san da zamanta ba, ta zaɓen yaran da za a ɗauka a Makarantar Haziƙai ta Gwamnatin Tarayya da ke Suleja cikin Jihar Neja. Idan aka tambayi abin da Nijeriya ta tanadar wa yaron da Allah Ya yi wa baiwar fahimta fiye da tsararrakinsa, amsar da aka saba bayarwa ke nan: akwai Suleja. An fi shekara 30 ana ba da wannan amsa, kuma a ganina lokaci ya yi da za a auna ta da ma'aunin da ake auna kowane jari, wato me aka zuba, wa ya amfana, me kuma aka bari a baya.

Tunanin kansa ba sabo ba ne. Manufar Ilmi ta Ƙasa da aka fitar a 1977, aka kuma yi wa gyara a 1981, ta sanya yara masu baiwa cikin waɗanda ke bukatar kulawa ta musamman, tare da makafi da kurame da sauran naƙasassu. A 1986, zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida, lokacin Farfesa Jibril Aminu yana Ministan Ilmi, aka fito da cikakken tsari na ilmantar da haziƙai, sannan makarantar Suleja ta buɗe ƙofarta a 1990. Sai dai mai karatu zai tuna cewa a wannan shekara ta 1986 ne aka ƙaddamar da shirin gyaran tattalin arziki na SAP, darajar Naira ta faɗi, aka shiga tsuke bakin aljihu. Tsarin haziƙai ya zo duniya ne a shekarar fari. Abin da ake iya gani da ido, wato gini da allon suna, shi aka samu aka yi. Aikin da ba ya ganuwa, na neman yaran a inda suke da horar da malaman da za su gane su, shi ne ya kwanta, kuma har yau bai miƙe sosai ba.

Wa jarrabawar shiga Suleja take tsamowa? Kafin yaro ya zauna mata, sai ya kasance yana makaranta, a ƙasar da Asusun UNICEF ya daɗe yana ambaton yara miliyan 10.5 da ba sa zuwa. Sai kuma an sami wani babba da ya ji labarin jarrabawar, ya biya kuɗin rajista, ya cike takardu ta intanet, ya kai yaron cibiyar da za a yi ta. Bayan haka sai yaron ya iya Turancin da aka rubuta tambayoyin da shi. Duk waɗannan sharuɗɗa ba ƙwaƙwalwar yaro suke aunawa ba, halin gidansu suke aunawa. Ɗan ma'aikacin banki da ya yi wata uku ana yi masa bita da tsofaffin takardun jarrabawa zai wuce ɗan mai gyaran keke, ko da kuwa shi ɗan mai gyaran keken ne yake lissafa wa ubansa ciniki da ka tun yana shekara bakwai. Allah bai raba basira bisa nauyin aljihun uba ba, amma mu mun raba hanyar gano ta bisa hakan.

Abin da ya faru a 2025 ya ƙara fito da bambancin da ke tsakanin baiwa da gaggawar iyaye. A shekarar, Hukumar JAMB ta bar yaran da ba su kai shekara 16 ba su zauna jarrabawar shiga jami'a, bisa sharaɗin sai wanda ya sami maki 320 cikin 400 za a duba batunsa. Sama da yara 40,000 ne suka shiga, amma a sakamakon farko da hukumar ta bayyana, waɗanda suka kai wannan maki ba su cika 500 ba. Dubban iyaye ke nan da suka yi ta tura 'ya'yansu gaba da aji, yawanci a makarantu masu zaman kansu, suna ganin sun haifi gwani. Shi kuwa gwanin gaske, mai yiwuwa yana can zaune a ƙasa cikin aji mai ɗalibi 90, ba wanda ya taɓa tambayarsa komai.

Na taɓa koyarwa a irin wannan aji, na kuma san abin da ake yi da irin wannan yaro, domin ni ma na yi. Yakan gama aikin da aka bayar kafin malam ya gama rubuta shi a allo. To, sai a naɗa shi monita, a ba shi aikin rubuta sunayen masu surutu. Idan ya yi tambayar da malam bai shirya mata ba, a ce ya cika iyayi, in ya sake a ce ba shi da kunya. Kafin ya kai aji shida ya koyi darasi ɗaya tak wanda ba ya cikin manhaja: ya yi shiru ya jira sauran. Yarinya kuwa tata ta fi muni, domin tun daga gida aka hore ta da yin shirun.

Hanyoyin koyar da irin waɗannan yara sanannu ne ga masana, kuma ba su da tsadar da ake zato. Akwai gaggautawa, wadda iyayenmu suka sani da sunan tsallake aji. Tana da amfani idan an yi ta da awo, kuma ta fi kyau a yi ta darasi darasi: yaron da ya fi ajinsa a lissafi ya je aji na gaba a lokacin lissafi, ya dawo cikin tsararrakinsa a sauran darussa, don kada a raba shi da abokan wasansa. Akwai kuma zurfafawa, inda malam zai gwada ɗalibai tun kafin ya fara sabon babi, wanda ya riga ya iya a ɗauke masa maimaici, a ba shi aiki mai wuya a kan wannan babin. Lura, aiki mai wuya, ba aiki mai yawa ba. Wanda ya warware tambaya goma daidai, ka ƙara masa ashirin irinsu, horo ka yi masa. Ba a bukatar sabon gini domin wannan. Malami ake bukata wanda aka koya wa yadda ake yi, da littafin da ya wuce na ajin.

Kada a ɗauka ina cewa makarantun zaɓaɓɓu ba su da amfani. Tsohuwar Jihar Kano, tun tana haɗe da Jigawa, ta kafa Hukumar Makarantun Kimiyya a 1977, ta buɗe makarantun Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, saboda jihar ta duba ta ga ba ta da 'yan asalinta likitoci da injiniyoyi da za su riƙe asibitocinta da ma'aikatunta. Wanda ya shiga asibitoci da jami'o'in wannan yanki a yau zai tarar da tsofaffin ɗaliban makarantun nan birjik. Abin lura shi ne yadda aka yi. An san gurbin da ake son cikewa. An ba makarantun hukuma tasu da kasafinta. Kuma an riƙa zaɓo ɗaliban ne daga sakandaren gwamnati na faɗin jihar bayan sun ɗan yi karatu a can, saboda haka tarun ya kai har ƙauye. Daga baya Jigawa ta gina tata makarantar haziƙai a Bamaina zamanin Gwamna Sule Lamido, Birnin Tarayya kuma yana da tasa a Gwagwalada. Ingancin kowace daga cikinsu yana rataye ne ga faɗin tarun da take kamo ɗalibai da shi.

Wani zai ce, ina dalilin kashe kuɗi kan 'yan tsiraru alhali miliyoyi ba su da ko benci? Tambaya ce mai nauyi, kuma ita ce ma ta sa nake ganin a karkata kuɗin zuwa ajin kowa da kowa. Malamin da ya koyi gwada ɗalibai kafin darasi zai gano na gaba, zai kuma gano na baya a zama ɗaya. Wani kuma zai ce mu horar, Ingila da Saudiyya su kwashe. Wannan gaskiya ne, musamman a aikin likita, amma maganinsa yana ga albashi da kayan aiki, ba a barin yaro ya dushe tun yana firamare ba.

Batun kuɗi kuwa, akwai giɓi a fili. Dokar ilmin bai ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin ilmin tushe, kuma ɗan abin da ake cirewa daga ciki domin ilmi na musamman ya fi tafiya ga naƙasassu, waɗanda su ma bai ishe su ba. Harajin ilmi da aka ɗora wa ribar kamfanoni a 1993, wanda da farko firamare da sakandare ke samun rabo a ciki, dokar 2011 ta taƙaita shi ga manyan makarantu. Ke nan muna zuba jari a ƙarshen hanya, bayan an riga an zubar da mafi yawan iri a farkonta. Kamfanoni kuma sun fi son gasar kacici-kacici ta talabijin, a ba yaro kyauta a ɗauki hoto. Da kuɗin gasa ɗaya za a iya riƙe ajin ranar Asabar a hedkwatar ƙaramar hukuma, inda yaran da malamansu suka zaɓo daga firamaren gwamnati za su haɗu da ƙwararren malamin lissafi ko kimiyya. Ƙananan hukumomi 774 muke da su, kuma Cibiyar Lissafi ta Ƙasa da ke Abuja da Kwalejin Ilmi ta Musamman da ke Oyo suna da mutanen da za su tsara darussan su kuma horar da malaman.

Kafin a kai ga wannan, akwai abin da Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya za ta iya yi ba tare da neman ƙarin kasafi ba. Ta buga wa jama'a lissafin ɗaliban da aka ɗauka a Suleja cikin shekaru goman da suka wuce: nawa ne suka fito daga firamaren gwamnati, nawa daga masu zaman kansu, nawa ne mata, kuma ƙananan hukumomi nawa ne ba su taɓa tura ko yaro ɗaya zauren jarrabawar ba. Takardun suna hannun NECO da makarantar, kuma 'yan Majalisar Tarayya suna da ikon neman su kafin su amince da kasafin makarantar na baɗi.