Soson Teku da Makomar Kiwon Jatan Lande

Duk wanda ya ratsa kasuwar Nkembo a Libreville zai tarar da busasshen jatan lande a gefen kyafaffen kifi, ana auna wa masu miya. Akasarin wannan kaya daga teku da bakin koguna ake kamo shi, domin kiwonsa a tafkuna bai kankama a Gabon ba. Wannan jinkiri dama ce, matuƙar an yi karatun ta-natsu a kan abin da ya faru da waɗanda suka riga shiga sana'ar.

A shekarar 2009 wata cuta ta ɓulla a gonakin jatan lande na ƙasar Sin, ta isa Biyetnam, ta shiga Tailan a 2012, ta tsallaka Meziko a 2013. Musabbabinta wani nau'in bakteriya ne mai suna Vibrio parahaemolyticus, wanda dafinsa ke lalata gaɓar narkar da abinci ta dabbar, har tafki ya mutu cikin kusan wata guda da zuba ƙanana. Manoma da yawa sun koma ga magungunan kashe ƙwayoyin cuta, irin su oksitetarasayikilin, kamar yadda wasu masu kiwon tarwaɗa ke yi a Najeriya. Illar wannan hanya ita ce ƙwayoyin da suka tsira sukan hayayyafa da juriya, su bi ruwa da abinci su iso ga mutum. Binciken da mujallar The Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa bijirewar bakteriya ga magani ta kashe mutum miliyan 1.27 a 2019, kuma yammacin Afirka ne ya fi jin jiki.

A nan ne soson teku ya shigo. Dabba ce da ke manne da dutse, ba ta gudu, tana tace ruwa dare da rana, don haka kullum tana haɗuwa da ƙwayoyin cuta. Kariyarta ta dogara sosai a kan ɗimbin bakteriya da ke zaune a jikinta, waɗanda a wasu nau'o'in sukan kai sulusin nauyinta. Masana sun ware wasu daga cikinsu, irin su Bacillus da Streptomyces, suka ga suna hana Vibrio yaɗuwa. Wasu sinadari suke fitarwa ya kashe shi, wasu su riga shi cinye abinci da mamaye hanji, wasu kuma su katse saƙon da ƙwayoyin cutar ke aika wa juna kafin su kai farmaki. Manufar ita ce a yawaita su a ɗakin gwaji, a gauraya su da abincin jatan lande a matsayin rigakafi.

Masu shakka suna da hujja. Abin da ya yi aiki a faifan gwaji ba lallai ya yi aiki a tafki mai laka da zafin rana ba. Yawancin ƙwayoyin soso ba sa yarda su girma a wajen jikinsa, kuma ƙwaya mai amfani tana iya ɗauke da halittar juriya ga magani ta miƙa wa mai cutarwa. Amsar wannan ita ce gwaji mai tsauri kafin a kai wa manomi, tare da tsaftar ruwa da rage cunkoso, waɗanda babu ƙwayar da za ta maye gurbinsu.

Gabon na da abin da ake bukata. Ita ce ƙasa ta farko da ta amince da Yarjejeniyar Nagoya a 2011, wadda ta tanadi raba moriyar albarkatun halittu da ƙasar da aka samo su. A 2017 ta keɓe kusan kashi 26 cikin 100 na ruwan tekunta a matsayin gandun kariya. Ya kamata cibiyar bincike ta CENAREST da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Masuku su tattara sosunan wannan gaɓa, su tantance ƙwayoyinsu, su adana su da sunan ƙasar. Idan aka bari sai annoba ta shiga tafkuna, daga waje za a sayo maganin, da tsada, alhali mai yiwuwa asalinsa yana manne da duwatsun tekun Gabon.