Guntun Gatarinka Ya Fi Sari Ka Ba Ni

A kasuwannin bakin ruwa, kamar na Yawuri da Argungu, akwai masu sayar da ƙugiyoyi da zare da sauran kayan su da ake kawowa daga ƙasashen waje. Kayan suna da kyau, amma yaron da ya dogara gare su ba ya zuwa fatsa sai ran da ya sami kuɗi. Wanda ya iya haɗa nasa kuwa, ko yaushe a shirye yake. Saboda haka ya kamata kowane ɗan makaranta da ke kusa da ruwa ya koyi yin kayan fatsa da hannunsa.

Aikin ba shi da wuya. Da fari yaro zai sami gora siririya, miƙaƙƙiya, mai tsawon kamu biyar ko shida, ya shanya ta a inuwa don kada ta tsage. Sa'an nan ya nemi guntuwar waya mai ƙarfi, ya wasa bakinta a dutse har ya yi tsini, ya lanƙwasa ta, ya yi mata ɗan kunne inda zai ɗaura zare. Ga ƙugiya ta samu ke nan. Totuwar kara ita ce za ta yi ta yawo bisa ruwa, in ta nutse ya san kifi ya ci. Abin nauyi kuwa, ƙaramin dutse ko tsohon noti ya isa. Kada ya yi sha'awar dalma, balle ya matse ta da haƙori, gama guba ce. A shekarar 2010 gubar dalma daga wuraren haƙar zinariya ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara.

Babban amfanin aikin shi ne yana tilasta wa yaro lura. Ba zai san girman ƙugiyar da zai yi ba sai ya san kifin da yake nema. Ƙarfasa bakinta ƙarami ne, sai ƙaramar ƙugiya. Tarwaɗa tana kiwo a ƙasan ruwa, da gashin bakinta take laluben abinci, don haka tana ko hanjin kaza ake sa mata, a bari ƙugiya ta nutse sosai. Giwan ruwa da tsage kuwa mafarauta ne, ƙananan kifaye suke bi. Su ana iya yaudararsu ba da abinci ba. Sai a yanke mariƙin tsohon cokali, a huda cokalin gaba da baya, a ɗaura zare a rami ɗaya, a maƙala ƙugiya a ɗayan, kana a goge shi da toka har ya yi ƙyalli. In an jefa shi ana janyowa, sai ya riƙa juyawa yana walƙiya kamar ɗan kifi mai gudu, babban ya kawo masa cafka. Yaron da ya gane wannan ya karanci ilmin halitta a bakin kogi.

Waɗansu iyaye sukan ce wannan ɓata lokaci ne, kuma ruwa ba abin wasa ba ne. Maganarsu ta biyu gaskiya ce. Kada yaro ya tafi kogi shi kaɗai, kada kuma ya tsaya cikin ruwan da ba ya gudu, domin a nan ake ɗaukar tsargiya. Mai fatsa daga kan tudu yake jifa. Amma batun ɓata lokaci, a dubi Kabawa. Tun 1934 ake yin bikin kamun kifi na Argungu, wanda sunansa ya kai ko'ina a duniya, alhali kayan masu shiga ruwan Matan Fada ba su wuce homa da gora ba, aikin hannu zalla.

Akwai kuma wani abin da ya fi wannan nauyi. Masu gaggawa sukan zuba magimfa ko maganin ƙwari a ruwa, waɗansu su yi taru da gidan sauro, su kwashe manya da 'ya'ya gaba ɗaya. Baɗi sai a zo a tarar da tabki wayam. Ƙugiya kuwa ɗaya ɗaya take kamawa, in ta kamo ƙarami a cire shi a hankali a mai da shi ya girma.

To, ashe malamin da ya ware awa guda a lokacin aikin hannu don wannan bai yi hasara ba. Yaro zai koyi haƙuri da tattali, ya kai wa uwarsa na miya, kogin garinsu kuma ya ci gaba da ciyar da na baya.