Sharhi: Kwangilar ƙungiyoyin agaji ta ja baya, wa zai sayi aikin masu nazarin alƙaluma a Tawa?

Shekaru da dama, matashin da ya iya kwamfuta a birnin Tawa ya san inda zai nemi na cefane. Wata ƙungiyar agaji za ta buƙaci masu tattara bayanai, a ba su horo na kwana biyu ko uku, a ɗora musu tambayoyi a waya, su shiga ƙauyukan Kaita, Buza ko Abalak su dawo a biya su. Wasu daga cikinsu sun wuce nan, sun koyi tace alƙaluman da fitar da rahoto, har sun buɗe ƙananan ofisoshin bincike.

Wannan kasuwa ta tsuke. A watan Nuwamban 2024 hukumomin Nijar sun janye izinin aiki na ƙungiyar ACTED ta Faransa, wadda tana cikin masu ɗauke da shirin REACH na tattara bayanan jin ƙai. A Fabrairun 2025 aka umarci ƙungiyar agaji ta ICRC ta fice daga ƙasar. Tun a Janairun shekarar gwamnatin Donald Trump ta dakatar da tallafin da Amurka ke bai wa ƙasashen waje, daga baya ta rufe hukumar USAID. Hatta shafin FEWS NET, mai hasashen yunwa tun 1985, sai da ya yi watanni a rufe kafin ya dawo.

Masu wannan sana'a a Adar sun taso ne da kwastoma iri ɗaya, kuma aljihunsa ya yi sanyi. Wanda zai ɗore a cikinsu shi ne wanda ya samo mai biya a cikin gari.

Inda kuɗin yake

Jihar Tawa ita ce cibiyar albasar Nijar. Daga Galmi da Tsarnawa zuwa Madawa da Tabalak ake loda tireloli zuwa Abijan, Akara da sauran biranen gaɓar teku. Farashi yana faɗuwa a lokacin girbi, wajen Maris da Afrilu, sannan ya tashi bayan damina idan kaya ya yi ƙaranci. Duk mai albasa yana fama da tambaya ɗaya: in sayar yanzu ko in zuba a rudu in jira?

Lissafi ne ke amsa wannan tambaya. A ce ɗan kasuwa ya sayi buhu 200 a kan jika 10 kowanne, miliyan 2 ke nan na sefa. Idan kashi ɗaya cikin huɗu ya ruɓe kafin Satumba, buhu 150 ya rage masa, kuma sai ya sayar da kowanne sama da jika 13 kafin ya mayar da uwar kuɗinsa, ba a sa kuɗin ajiya da na masu tsince ruɓaɓɓu ba. Wanda ya riƙe tarihin farashi na shekaru uku ko huɗu, mako bayan mako, ya kuma auna yawan asarar da rumbun wannan mutum ke yi, zai iya gaya masa watan da jira ke daina biya. Wannan amsa tana da kuɗi.

Lissafin ya ƙara rikicewa tun 2023. Iyakar Nijar da Benin ta daɗe a rufe bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, lamarin da ya sauya hanyoyin manyan motoci da kuɗin dako. A ɗaya ɓangaren, Najeriya ta saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yunin 2023, don haka mai kwatanta farashin Ƙonni da na Illela ta Sakkwato dole ya san canjin ranar. Haka abin yake a kasuwannin dabbobi irin su Badagishiri da Abalak, inda kuɗin rago ke bin kusantowar Babbar Sallah da kuma ƙarfin naira.

Darasi daga waɗanda suka riga

Akwai hujjar cewa bayani yana gyara kasuwa a Nijar. Masaniyar tattalin arziki Jenny Aker ta bi kasuwannin hatsi na ƙasar tsakanin 2001 da 2006, lokacin da wayar salula ke shigowa, ta gano cewa tazarar farashi tsakanin kasuwanni ta ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin 100. 'Yan kasuwa sun daina yin tafiya don jin farashi, suna bugo waya.

Sai dai wannan binciken yana ɗauke da gargaɗi ga mai neman kafa kamfani. Farashin yau ba haja ba ce, domin dillali yana da ɗan uwa a kowace kasuwa, kuma kira ɗaya ya ishe shi. Ga kuma tsarin SIMA na gwamnati da ke fitar da farashin amfanin gona, da ƙungiyar RECA ta majalisun manoma da ke yaɗa bayanai kyauta. Kamfanin Esoko na Ghana ya fara ne da aika wa manoma farashi ta saƙon waya, amma daga baya ya karkata ga sayar wa kamfanoni da hukumomi aikin tattara bayanai, saboda abin da ƙaramin manomi zai iya biya bai riƙe kamfani.

Abin da ake iya sayarwa shi ne wanda kiran waya ba ya bayarwa: tarihi, kwatanci da lissafin da ya shafi dukiyar mutum shi kaɗai. Masu iya biya kuwa su ne manyan dillalai, ƙungiyoyin manoman albasa, masu shagunan magani da kayansu ke lalacewa a kan kanta, makarantu masu zaman kansu da ba su san adadin bashin da iyaye ke riƙe da shi ba, da wakilan kamfanonin aika kuɗi da ke son sanin ranakun da tsabar kuɗi ke yanke musu.

Wahalar tana cikin awo

Mutane na ɗauka manhaja ce babbar matsala. KoboToolbox da QGIS ana samun su kyauta, kuma Excel ya ishi yawancin aikin shekarar farko. Inda ake faɗuwa shi ne wurin shigar da alƙaluman.

A kasuwa da dala ake ƙirga kuɗi. Mai hatsi ya ce tiyar gero “ɗari da ashirin”, yana nufin sefa 600. Yaron da ya rubuta 120 ya ɓata rahoton gaba ɗaya, kuma babu manhajar da za ta gane. Buhun albasa ba nauyinsa ɗaya ba daga wannan kasuwa zuwa waccan, tiya ma akwai mai tozo akwai shafaffiya. Ɗan gari da ya san waɗannan ya fi ƙwararren da aka turo daga Yamai ko Dakar, kuma wannan sani shi ne jarinsa na farko.

Akwai kuma batun amana. Ɗan kasuwa ba ya buɗe littafinsa ga wanda bai sani ba, don yana tsoron maganar ta kai ga masu haraji ko ga abokin gasa. Doka ma ta shigo: Nijar tana da dokar kare bayanan mutane ta 2022, wadda ta maye gurbin ta 2017, da hukumar HAPDP mai sa ido. Duk wanda zai ajiye sunaye da lambobin wayar jama'a ya kamata ya san abin da dokar ta ɗora masa tun kafin kwangilar farko.

Yadda ake farawa

Jarin bai da yawa: kwamfuta mai riƙe caji, waya biyu ko uku, da faifan sola da batir. Wanda ya ga duhun da aka shiga lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar daga Agustan 2023 zuwa farkon 2024 ba zai dogara da layin NIGELEC kaɗai ba. Shigowar Starlink a 2025 ta ƙara zaɓin intanet, amma ofis na mutum biyu zai iya fara aiki da layin waya.

Rajista a Maison de l'Entreprise ta majalisar 'yan kasuwa, da samun lambar RCCM da ta NIF, su ne ke ba da damar rubuta takardar biya da neman kwangilar hukuma. Ma'aikata kuma suna kusa, domin Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa tana yaye ɗalibai a fannin tattalin arziki da gudanarwa kowace shekara.

Tsarin biya shi ne ke raba mai ɗorewa da mai rufewa. Kwangilar ƙungiya takan kawo kuɗi mai kauri sau ɗaya, sai a yi wata huɗu ana jira. Kwastoma 30 da ke biyan jika 5 a wata kuwa sefa 150,000 ne da ake iya tsara albashi a kansa. Kuma sakamakon ya isa ga mai shi ta hanyar da yake fahimta: saƙon murya na minti biyu da Hausa ko Tamashek ta WhatsApp ya fi rahoto mai shafi 40 da Faransanci.

Rabon 'yan ci-rani

Adar ta shahara da ci-rani. Akwai 'yan Tawa a Abijan, Libiya, Aljeriya da biranen Najeriya da ke aiko kuɗi ta Nita ko Amana don a sayi dabbobi, a noma fadama ko a buɗe shago. Da yawansu ba su da hanyar sanin ko dukiyar na ƙaruwa sai abin da aka gaya musu a waya, kuma rigimar da ke biyo baya takan raba zumunci.

Ofishin da zai riƙa zuwa sau ɗaya a wata ya ƙirga kaya, ya duba shiga da fita, ya aika wa mai dukiya lissafi da hotuna, ya sami kwastoman da ke da kuɗi kuma yake da dalilin biya. Aikin yana buƙatar hankali, don ɗan uwan da ke riƙe da shagon zai iya ɗaukarsa a matsayin tuhuma, shi ya sa ya fi kyau a shigo da shi tun ranar da aka zuba jari. Ɗan Tawa da ke zaune kusa da kasuwar albasa a Abijan shi ma zai iya zama wakili, ya riƙa aiko farashin can duk mako a biya shi.

Iyakar abin

Kasuwar ba ta da faɗi. Ƙidayar 2012 ta ba jihar Tawa mutum miliyan 3.3, birnin kuma kusan 150,000, kuma masu iya biyan kuɗin wata-wata kaɗan ne a cikinsu. Matsalar tsaro a yankunan Tiliya da Tasara ta sa tura ma'aikata can ya zama kasada. Babu kuma tabbacin cewa hasashen farashi zai faɗa daidai, domin rufe iyaka na dare ɗaya yana rusa lissafin shekara uku. Mai gaskiya zai gaya wa kwastoma haka tun farko.

Kwangilar ƙungiyoyi ba ta ƙare ba, kuma babu laifi a karɓe ta idan ta zo. Amma ofishin da zai kai shekara biyar a Tawa shi ne wanda ya fara rubuta farashin Galmi, Tsarnawa da Badagishiri tun wannan makon, ya riƙe shi ba fashi, domin tarihin da ya tara da hannunsa ne kawai abin da wani ba zai iya sauke shi daga intanet ba.